Katalog mai hoto 186,000: yadda nake sake masa mazauni

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Yau wajen ƙarfe huɗu na yamma katalog ɗina na Lightroom, manhajar da nake tsarawa da gyara hotuna da ita, ya ƙi buɗewa. Ina cikin gyaran hotunan dinar da muka ɗauka ranar Asabar, sai yarona ya miƙa hannu zai ɗauko caja a bayan tebur, gwiwar hannunsa ta taɓa wayar faifan da katalog ɗin yake kai. Ba ma fita ta yi ba, motsawa kawai ta yi. Na ji ƙarar nan da Windows ke yi in an zare abu, na ji ta dawowa, sai Lightroom ya tsaya cik. Na kashe shi da ƙarfi na sake buɗewa, ya ce wai ana amfani da katalog ɗin a wani wuri. Wannan na san maganinsa. Akwai ɗan fayil mai ƙarewa da .lock da yake ajiyewa kusa da katalog muddin yana buɗe, in an rufe lafiya ya share abinsa. Na share shi da hannu. Na kusa da shi mai ƙarewa da wal ban taɓa ba, domin a cikinsa gyaran da bai gama shiga katalog ba yake zama. Sai ga magana ta biyu: katalog ya lalace, a gwada gyarawa? Na ce gwada. Ya yi ta juyi kusan minti goma, ya dawo ya ce ya kasa.

Nan cikina ya ɗuri ruwa. Yaron ya yi tsuru-tsuru, ya ce, "Maigida, wallahi ban lura ba." Na ce ya zauna, ba laifinsa ba ne. Mai laifi shi ne wanda ya rataye aikin shekara tara a jikin wayar USB mai sako-sako.

Kwafin katalog na ƙarshe da na samu na ranar 18 ga Disamba ne. Duk mako Lightroom yana tambayata ko ya yi kwafi, ni kuma ina danna "bari sai wani lokaci" saboda ana jirana a waje. Kwana 19 ke nan, kuma a ƙarshen shekara, lokacin da biki ke bin biki. Hotunan suna nan, ko ɗaya bai yi ciwon kai ba. Abin da ya tafi shi ne zaɓe da gyaran launi da yanka da gogen fuska na biki uku. Sai na sake.

Abin da ya hana ni barci ba wannan ba ne. Da na je ɗauko kwafin, a ina na same shi? A folda mai suna Backups, kusa da katalog ɗin, a kan faifan nan dai da ya kusa kashe ni. Da faifan ne ya mutu, da uwa da 'ya'ya sun tafi tare.

Laraba, 8 ga Janairu

Na zauna da biro da takarda na ƙirga abin da nake da shi, abin da ban taɓa yi ba tun 2016.

Hotuna 186,000 da 'yan kai, nauyinsu tera 5.2, a warwatse a ƙananan faifai huɗu, uku masu tera 2 da ɗaya mai tera 1. Yawancinsu RAW ne, wato ɗanyen hoto yadda ya fito, na kyamara mai megafiksel 24, kowanne tsakanin mega 25 zuwa 30. Waɗanda ke da kwafi na biyu ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba.

Na yi wa yaron bayanin abin da katalog yake, domin na lura yana ɗauka hotunan a cikinsa suke. Na ce masa ya tuna shagon tela: yadi yana cikin kabad, awon kowa yana cikin littafi. In littafin ya ɓace yadi na nan, amma ba ka san na wa za a yanka yaya ba. Katalog shi ne littafin. Rumbun bayanai ne irin na SQLite, yana riƙe da inda kowane hoto yake, da duk gyaran da aka yi masa, da taurari da sunayen da aka liƙa masa. Duk motsin da ka yi nan take yake rubutawa, shi ya sa babu maɓallin ajiyewa a Lightroom, kuma shi ya sa in aka katse shi yana tsakiyar rubutu ake samun abin da na samu.

A foldar katalog ɗin ga abin da na tarar. Fayil mai ƙarewa da .lrcat, giga 3.4 kacal. Wani mai ƙarewa da .lrcat-data, giga 1.1, wanda ya fara zuwa da fitowa ta 11 a Oktoban 2021, shi ke riƙe da abubuwa irin su zaɓen fuska da sama da manhajar ke yi da kanta. Waɗannan biyu tare suke tafiya, kada a raba su. Sai Previews.lrdata, ƙananan hotunan leƙe da ake gani a allo, shi kuma giga 210. Sai kwafi 61 a matse cikin zif, giga 38, tun na 2021 ba wanda ya share. Sai tsofaffin katalog masu wutsiyar v11 da v12 da v13 da aka bari duk lokacin da aka sabunta manhaja.

Wato abin da ba a iya sake samu bai kai giga 5 ba. Sauran duk kaya ne da za a iya sake ginawa ko a zubar.

Asabar, 11 ga Janairu

Na kai maganar majalisar da muke zama da abokan sana'a bayan isha'i, na samu shawara har ta yi min yawa.

Ɗaya ya ce in sayi NAS, akwatin nan mai faifai biyu ko huɗu da ake jonawa a rauta, in zuba komai a ciki in huta. Hotuna za su zauna a NAS lafiya lau, amma katalog ba zai zauna ba: Lightroom Classic ba ya yarda ya buɗe katalog da ke kan faifan sadarwa. Ba rowa ba ce, irin wannan rumbun bayanan yana buƙatar kulle fayil da rubutu mai tabbas, kuma ta hanyar sadarwa ba a samun tabbacin. Ban da haka, akwatin yana son wuta dare da rana, abin da ba ni da shi. Kuma faifai biyun da ke kwaikwayon juna a ciki suna kare ka ne daga mutuwar ɗaya kawai. In ka share abu bisa kuskure, a duka biyun ya tafi. In ɓarawo ya shigo, akwati ɗaya zai saɓa.

Wani ya ce shi a cikin foldar Dropbox nasa katalog ɗin yake, shekara biyu ba abin da ya same shi. Allah ya ci gaba da tsarewa. Manhajar da ke tura fayil intanet tana ƙoƙarin ɗaukar sa ne yayin da Lightroom ke rubutu a cikinsa, kuma in kana da kwamfuta biyu ka buɗe a ta biyun kafin ta farko ta gama turawa, sai ka wayi gari da katalog biyu masu saɓani. Da intanet irin tamu ba zan yi wannan cacar ba.

Na uku ya ce katalog ɗina ya yi girma ne, in raba shi shekara-shekara. Wannan na ƙi nan take, kuma ga dalili. A watan jiya wata baiwar Allah ta zo shago, mahaifinsu ya rasu, tana neman hotonsa da na ɗauka a ɗaurin auren ƙaninta. Ba ta tuna shekarar ba, ta ce dai kafin korona ne. Na rubuta sunan gidansu, cikin daƙiƙa biyu ga shi a zaune da babbar riga yana dariya, 2018. Lightroom katalog ɗaya yake buɗewa a lokaci guda, ba ya bincike a tsakaninsu. Da na raba tara, da sai mun buɗe ɗaya bayan ɗaya tana tsaye tana share hawaye. Jinkirin da nake gani ba daga yawan hoto ba ne, daga faifai mai juyawa ne.

Saura zaɓi biyu: SSD, faifan nan mai sauri da ba ya juyawa, na waje ko na cikin laftof. Na waje yana da amfani ga mai aiki a kwamfuta biyu, ya zare nan ya jona can. Ni kwamfuta ɗaya ce da ni, kuma waya ce ta jawo min wannan duka. Na cikin ba shi da wayar da za a taɓa, kuma in an ɗauke wuta batirin laftof yana riƙe da shi. Na yanke: katalog zai koma ciki.

Talata, 14 ga Janairu

An koma. SSD ɗin cikin giga 512 ne, saura 190, don haka hotunan leƙen giga 210 ba su da wurin zama. Ban kwashe su ba. Na ɗauki .lrcat da .lrcat-data kawai, Lightroom zai sake gina na leƙen da kansa a hankali. Illar ita ce hotunan da faifansu ba ya jone yanzu sun zama akwatuna masu ruwan toka, har sai an jona an bi ta kansu. Na kuma saita shi ya riƙa zubar da manyan hotunan leƙe masu cikakken girma bayan kwana 30, da can na bar shi a kan kada ya taɓa zubarwa, shi ya kumbura haka.

Ban sa shi a foldar hotuna ta Windows ba, duk da nan ne mazauninsa na asali, domin a kwamfutoci da yawa OneDrive yana kwasar wannan foldar zuwa intanet ba tare da mutum ya ankara ba. Na buɗe sabuwa kai tsaye a C, na sa mata suna Katalog.

Buɗewa da can sai na sha rabin kofin shayi. Yanzu kafin in gyara zama ya buɗe.

Talata, 21 ga Janairu

Jiya hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari, daidai lokacin da nake lissafin tura hotuna intanet. Ga lissafin: in na samu gudun turawa na megabit 10 a daƙiƙa, ba yankewa, ba ɗauke wuta, tera 5.2 zai ci kwana 48. Ba a ma zo maganar kuɗin datar ba, balle ranar da za a ce a sauko da su. Wannan ƙofar na rufe ta.

Katalog kuwa wani zance ne. Kwafinsa a matse mega 900 ne, minti 12 a wannan gudun. Kuma zif rufaffen fayil ne, ba wanda ke rubutu a cikinsa, don haka tura shi Google Drive ba shi da haɗarin da na faɗa. Giga 15 da suke bayarwa kyauta, wanda Gmail ma a ciki yake ci, zai ɗauki goma har da canji.

Tsarin da na zana: kullum in na rufe Lightroom zai yi kwafi zuwa wani ɗan filash kamar farce, mai giga 64, da zai zauna a jikin laftof dindindin. Da yamma a kwashe zuwa babban faifan shago. Ranar Juma'a in ɗauki na ƙarshe in jefa a Drive, giga 4 ke nan a wata.

Wani abu da ya ba ni wahala: na shiga saitin katalog ina neman inda ake canza wa kwafi mazauni, babu. A fitowar da nake da ita, yawan lokaci kawai ake zaɓa a can. Wurin canzawar yana jikin tagar nan da ke fitowa in za ka rufe, wadda na shekara ina korarta ban karanta ba. A nan kuma akwai akwatuna biyu, na duba lafiyar katalog kafin kwafi da na gyara masa zama bayan kwafi. Duka na sa musu alama.

Alhamis, 30 ga Janairu

Na sayo manyan faifai biyu masu tera 8, irin masu nasu cajar ta bango, domin ƙananan da ke shan wuta daga USB yawanci ba sa wuce tera 5. Kuɗin ba zan rubuta ba, kada matar gida ta karanta. Na sayar da tsohon lens ɗaya na cika.

Yaron yana jonawa ya ce, "Maigida, an cuce mu, 7.27 yake nunawa." Ba a cuce mu ba. Masu ƙera faifai da dubu-dubu suke ƙirgawa, Windows kuma da 1,024, shi ne bambancin. Cutar gaske ita ce filash ɗin jabu da ke nuna giga 64 alhali cikinsa bai kai ba, ya yi ta karɓar kaya yana taka na baya. Shi ya sa na bi ɗan filash ɗin da H2testw, wadda ke cika shi maƙil sannan ta karanta ta gani ko abin da ta zuba yana nan. Ya haye.

Na mayar da manyan biyun NTFS, ɗaya daga cikin tsare-tsaren da faifai ke ajiye fayil da su. Tsohon faifan da katalog ya lalace a kansa exFAT ne, na bar shi haka tun lokacin da nake kai aiki wurin wani mai Mac. exFAT ba ya riƙe littafin abin da yake shirin rubutawa, NTFS yana riƙewa, don haka in an katse shi ya fi iya tashi da tsarin foldodinsa a tsaye. Ba ya hana fayil ɗin da ake tsakiyar rubutawa lalacewa, amma ya rage ɓarna.

Sannan haruffa. Windows yana ba faifai harafin da ya samu a sake, yau E gobe F, Lightroom kuma da harafi yake gane hanya. Na shiga wurin sarrafa faifai na ba babban P, na ajiya Q, filash K. Haruffan can ƙasa ba mai zuwa ya ƙwace su. Na rubuta a jikin kowanne da maka.

Talata, 4 ga Fabrairu

A takarda, tera 5.2 a gudun mega 120 a daƙiƙa awa 12 ne. A shagona kwana uku ya ci. Daren farko aka ɗauke wuta, laftof ta ci gaba da harkarta a kan batir, P kuwa ya mutu nan take tunda daga bango yake sha. Ban yi wannan tunanin ba sam. Washegari na sayo ƙaramin UPS, akwatin batirin nan mai riƙe wuta, ba don ya riƙe awa ba, don dai ya cike minti biyun da ake yi kafin a tayar da janareta a juya layi.

Da FreeFileSync na yi kwafin, ba jawo-ka-saki na Windows ba, domin in an katse tana gane inda aka tsaya, kuma bayan an gama na sa ta gwada fayilolin ciki da ciki, ba suna da girma kawai ba. Wannan ya ƙara kwana guda. Ta fito da hotuna 14 daga faifan nan mai tera 1 da suka ƙi karantuwa. Na duba lafiyarsa da CrystalDiskInfo, ga shi rawaya, alamar gargaɗi, gurabun da ke jiran a sauya su sun taru. Hotunan wani suna ne na 2017. Tara na same su a wani wuri, biyar sun tafi. Shekara nawa yana ruɓewa a aljihun tebur ban sani ba.

Ban matsar da hotunan ta cikin Lightroom ba. Kwafi na yi a waje, na tabbatar, sannan na nuna masa sabon wuri. Dabarar ita ce duk shekarun su shiga ƙarƙashin uwar folda ɗaya, tawa sunanta Hotuna. In harafi ya canza ko faifai ya mutu, uwar kawai za ka nuna masa, 'ya'yan duk su biyo. Da na yi na farko alamomin tambayar da yake sa wa foldar da bai gani ba suka ɓace a jere, 2016 har 2019, sai da na yi hamdala da ƙarfi.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Abokina mai Dropbox ya ce in kunna rubuta gyara a XMP, ƙananan fayilolin da ke zama kusa da kowane RAW, wai in na yi haka ko katalog ya mutu ba ruwana. Rabin gaskiya ce. XMP yana ɗaukar gyaran launi da taurari da sunaye. Ba ya ɗaukar tarin hotunan da ka haɗa, ko kwafin gaibu na hoto ɗaya mai launi da baƙi-da-fari, ko tarihin matakan gyara. Ni kuma duk albam da na taɓa bugawa a tari yake. Na kunna shi duk da haka. Da yana kunne ranar 6 ga Janairu, da gyaran biki ukun nan bai tafi ba.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na yi wauta. Na ga folda biyu na Maris 2019, na ɗauka maimaici ne, na share ɗaya. Da yamma na daidaita P da Q a tsarin madubi, wato duk abin da babu a P a cire shi a Q. Manhajar ta nuna min jerin abin da za ta share, jajaye reras, ban karanta ba na danna. Sai da dare ina kwance na tuna: ɗaya na kamu ne, ɗaya na buɗar kai, amarya ɗaya.

Abin da ya cece ni, tsofaffin faifan ban goge su ba tukuna. Na dawo da hoto 640 daga can.

Yanzu na saita ta kada ta share komai a Q. Duk abin da aka cire ko aka canza, ta kai shi wata folda mai kwanan wata, ya yi wata uku a can kafin in duba in zubar da hannuna.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Gwaji. Na rufe laftof na sa a jaka, na ce wa yaron, "Ka ɗauka an sace ta, ni kuma na yi tafiya. Ga tsohuwar kwamfutar tebur, ga Q, ga Drive. Fito min da dinar 4 ga Janairu." Rajistar Adobe tana ba da damar shiga a kwamfuta biyu, don haka ta nan ba matsala.

Ya sauko da zif ɗin jiya, ya danna fayil ɗin yana cikin zif ɗin, abu ya ƙi. Sai an warware shi waje tukuna, shi da .lrcat-data. Ya warware, sai aka ce manhajar kwamfutar ta tsufa, tsohon Lightroom ba ya buɗe katalog ɗin sabo. Sabuntawa ta ci minti 40. Ya buɗe, komai alamar tambaya, tunda katalog P ya sani. Ya ɗan yi jim, ya danna uwar folda ya nuna mata Q. Ga amarya, ga gyara, ga tari. Awa ɗaya da minti goma.

Sai ya ce, "Maigida, ina launukanka?" Babu su. Shiryayyun launukan da na shekara ina haɗawa, har wanda nake ji da shi na fatar amarya a ƙarƙashin fitilun zauren biki masu shuɗi da ja, da tambarin shago da ake bugawa a gefen hoto, duk ba a cikin katalog suke ba. Suna can ɓoye a AppData, a foldodin CameraRaw da Lightroom na Adobe, kuma kwafin katalog ba ya taɓa su. Da ba a yi gwajin nan ba, da sai ranar da ido ya raina fata zan sani. Na ƙara foldodin biyu a cikin abin da ake kwasa kullum.

Na sa shi ya rubuta matakan da hannunsa a takarda, mun liƙa a cikin murfin kabad.

Lahadi, 2 ga Maris

Azumi na biyu. Ƙa'idar da wani mai hoto Ba'amurke, Peter Krogh, ya yaɗa ita ce kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Wannan na ƙarshen shi ya rage min. Duk wanda ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ba sai an yi masa dogon bayani ba. P da Q a kan tebur ɗaya suke, a soket ɗaya.

Kafin Q ya bar shago na kulle shi da BitLocker. A cikinsa akwai matan mutane a wajen kamu da lalle, ba mayafi, sun yarda da ni ne kawai. Lambar buɗewa ta gaggawa mai lamba 48 na buga a takarda biyu, ɗaya a gida ɗaya a wurin da ni kaɗai na sani.

Bayan an sha ruwa na kai shi gidan Yaya a Kabuga, a naɗe cikin leda mai zif da 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ke zuwa a kwalin takalmi.

"Yaya, ajiya na kawo."

"Kuɗi ne?"

"Ya fi kuɗi."

Ta juya shi ta ce, "Kai dai da tarkacenka." Na roƙe ta abu uku: kada ya faɗi, kada yara su jona shi a talabijin, kada a sa shi saman firji. Ta tura shi can ƙasan akwatin zannuwanta, ta ce in na ga an taɓa shi to ita aka fara taɓawa.

Duk mako biyu zan karɓo shi, ya kwana ɗaya a shago, ya koma. Giɓin mako biyun kuma ga yadda na toshe: wajen shigo da hotuna Lightroom yana iya yin kwafi na biyu a lokaci guda, na nuna masa ɗaya daga cikin tsofaffin masu tera 2 mai lafiya ƙalau, shi yake bi na gida a jaka. Katin kyamara ba a goge shi sai hoto ya zauna wuri biyu.

Alhamis, 20 ga Maris

Zafi ya fara. Jiya da rana P ya kai digiri 51 ana tsakiyar kwafi. Na ɗaga shi daga kan tebur na ɗora a kan 'yan katakai biyu, na juya masa ƙaramar fanka, ya sauko 43. Ƙurar hunturu ma ta toshe ramukan iskarsa, na bi da buroshin lens. Babban kwafi yanzu sai bayan asuba.

Filash K ya kusa cika, tunda Lightroom ba ya share tsohon kwafi da kansa. Na bar na kwana bakwai na ƙarshe, da ɗaya na kowane mako na wata biyu, da ɗaya na kowane wata. Ba na son in rage na jiya kaɗai, domin katalog yana iya ɗaukar ciwo a ɓoye a yi ta kwafinsa da ciwon.

Aiki a gida kuma ya yi sauƙi. Aikin da ke hannu ina gina masa Smart Previews, ƙananan kwafi masu fiksel 2,560 a dogon gefe, kowanne wajen mega 1. Da su nake gyara bayan tarawihi ba tare da P ba, da safe in jona a shago in fitar da cikakke. In an miƙa aiki in zubar da su.

Alhamis, 3 ga Afrilu

An yi Sallah ranar Lahadi. Kwana huɗu muna ɗauka, gida-gida da shago, yara da sababbin kaya, hoto 4,100. Ranar Talata da dare aka ɗauke wuta ana tsakiyar shigo da kati na uku. UPS ya yi ƙara, yaron ya fita ya tayar da janareta, layin da ke tafiya a allo bai ko tsaya ba.

Sau ɗaya hannuna ya tafi zai danna "bari sai wani lokaci", ana kiran sallar isha'i, na gaji. Na bar shi ya yi. Minti huɗu ya ɗauka.

P saura tera 1.7. A yadda nake tara kusan giga 900 a shekara, zai kai ni ƙarshen 2026, in ban zauna na zubar da hotunan da ido ke rufe da waɗanda suka yi duhu ba, aikin da nake ɗagawa tun bara. Faifan nan mai rawaya na cire shi daga aiki, na rubuta masa "kada a jona" da jan maka. Sauran biyun suna kabad da kayansu yadda suke, ba zan goge su ba sai Q ya yi zagaye uku lafiya. Ya yi biyu. Gobe bayan Juma'a zan biya Kabuga in karɓo shi, in kai wa Yaya hotunan jikokinta na Sallah da ta ce kada in zo ba su.